Mai Biro, Wadda Ba Ta Yarda Da Kowa Ba

Kafin masu shara su gama da baranda, ita ta riga ta iso. Ɗakin wankin ciwo shi ne na ƙarshe a sashen fata na asibitin, bayan inda ake jingine kekunan marasa lafiya, kuma in ta buɗe shi ba ta ajiye jaka sai ta buɗe firij. Ta sa bayan hannunta a ciki, ta dubi ma'aunin sanyi, sannan ta fita ta sami mai gadi ta tambaye shi ko wuta ta ɗauke. Ya ce ba ta ɗauke ba. Ta wuce wurin mai janareto ta yi masa tambaya iri ɗaya. In bakinsu ya zo ɗaya, sai ta dawo tana cewa yau kuma sun haɗa baki. Daga nan ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta jera almakashi da hantsaki da auduga a kan tire, ta soke biro a aljihun farar rigarta, ta fito ta bi layin benci. Kana gaishe ta tana amsawa, amma ba fuskarka take kallo ba. Filastarka take kallo, wani lokaci har ta sunkuya ta shinshina.

A ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Ma'aikata suna kiranta Sista. Mu da muka goge bencin nan da tufafinmu, Mai Biro muke ce mata. Na san za a yi mata taron ban kwana, a ce mace ce mai haƙuri da fara'a, domin haka ake cewa kowa. Ba ta da fara'a. Abin da take da shi zargi ne, kuma a kansa nake so in jinjina mata, tunda shi ne ya bar mini kunnena.

Sai na fara bayyana abin da ke cikin firij ɗin. Wani abu ne shara-shara, mai laushi da sanyi, wanda ake yanka shi daidai girman ciwo. An ce da wata ciyawar teku ake yin sa, a ɗura magani a cikinsa. In aka shimfiɗa shi a kan ciwo aka rufe da filasta, sai ya riƙa sakin maganin kaɗan-kaɗan a daidai wurin, yana kuma riƙe danshi har sabon nama ya taso. Masu benci suna ce masa fatar aro. Ana sa wa waɗanda aka yanke musu ciwon daji na fata, da masu gyambon da ya ƙi jin magani. Sharaɗinsa ɗaya ne: a ƙyale shi. Ba a ɗagawa, ba a leƙawa, ba a jiƙawa, sai ranar da aka sa maka. In iska ta shiga ya bushe, an yi asarar sa, ciwon kuma ya koma baya.

Wannan sharaɗi shi ne ya jawo mata baƙin jini. Duk wanda ya taɓa jinya ya saba ganin ana wanke ciwo kullum. To ga wata ta rufe ciwon mahaifiyarka ta ce kada a taɓa sai mako ya zagayo. Wasu suka ce ganda ce ke damunta. Wasu suka ce ciwon ruɓewa yake yi tana ɓoyewa. Wasu suka ce gwaji ake yi da talakawa. Ita ma ba ta bar su haka ba, ta mayar musu da zargin. In ta gama rufe ciwo sai ta zaro biron nan mai tawada shunayya, irin wanda ake zane da shi a fata, ta ja gajerun layuka daga kan filasta zuwa kan fatar mutum, ta kowane gefe. Duk wanda ya ɗaga filastar ya mayar, layukan ba za su haɗu ba. Kuma ba ta maimaita zane: yau a karkace, wani makon a tsaye, wani makon biyu a manne.

Akwai wani direban babbar mota da rana ta cinye masa hannun da yake ɗorawa a taga, har sai da aka yanke wurin. Shi da bakinsa ya ba mu labari a benci. Ƙaiƙayi ya ishe shi a kan hanya, ya ɓare filastar, ya ɗiga man birki kamar yadda wani abokin aikinsa ya koya masa, ya mayar. Da ya ga layuka sun goce, sai ya zaga kantuna har ya sami biro shunayya, ya zauna gaban madubin mota ya gyara zanen da kyau. Ya ce da ya koma, Mai Biro ko safar hannu ba ta sa ba, daga bakin ƙofa ta dube shi ta tambaye shi nawa ya sayi biron. Ta wanke masa ciwon yana ihu, ta sa aka kira matarsa, ta koya mata yadda ake duba layi. Hannunsa ya warke. Har yau in ya kawo wani asibiti sai ya leƙo, yana gaya wa sababbi cewa matar nan da a kan iyaka aka ajiye ta, da ko allura ba ta ƙetare ba.

Mai share ɗakin kuma ta ba ni labarin wata tsohuwa mai ciwon sukari da gyambo a ƙafa, wadda 'ya'yanta maza suka zo suka cika baranda, suka ce sai an buɗe sun gani. Mai Biro ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ranarsa ba ta yi ba. Suka zage ta, suka kai ƙara wurin shugaban sashe, aka kira ta ofis. Ta je, ta dawo, ba ta buɗe ba. Da ranar ta zo, ita da kanta ta aika aka kira su, ta tsayar da babbansu kusa da gado ta ce ya buɗe ido da kyau tunda gani yake so. Jan nama sabo ya cika wurin. Babban ya fara kame-kamen ban haƙuri, ta ce ba shi ne a gabanta ba, ya gaya mata wa ke ba tsohuwar shayi mai sukari a ɓoye.

Yanzu nawa labarin. Ni zabiya ce, malamar lissafi a makarantar sakandare. Tun ina ƙarama ake kallona a titi, na kuma koyi mayar da kallo har mai kallon ya sunkuyar da kai. Wani ɗan ƙurji ya fito mini a bayan kunnen hagu, ya ƙi warkewa, aka gwada aka ce daji ne. Likitan tiyata ya yanke shi, ya ce ya kwashe duka, amma ramin ya kai har kusa da guringuntsi. Ya gaya mini ba tare da kwana-kwana ba cewa in nama bai rufe guringuntsin ba zai mutu, kuma dole ya cire rabin kunnen na sama. Na ce masa da kunne biyu na shigo, da biyu zan fita. Ya tura ni ɗakin ƙarshe.

Na shiga da shirina. An sha ɗaukar hotona ba da izinina ba, an sha zuwa da motoci a tara irinmu a auna mu a tafi, ba mu sake jin labari ba. Na ce wa Mai Biro ni ba ɓeran gwaji ba ce, kuma ba za a manna mini komai ba sai na san mene ne, wa ya yi shi, wane magani ke ciki, me zai faru in bai yi aiki ba. Na ɗauka za ta yi fushi. Sai ta ajiye hantsaki ta dube ni sama da ƙasa.

"Kin yi daidai, Malama. Kada ki yarda da ni. Ni ma ban yarda da ke ba."

Abin da ta sani ta faɗa, wanda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Sannan ta tasa ni gaba har wurin mai haɗa magani, ta harɗe hannu a bayana har ya gama amsa tambayoyina. Muka dawo, ta ce in cire tabarau in kwanta a gefen dama. Ta shimfiɗa fatar aro, ta rufe, na ji sanyin bakin biro a wuyana.

Na kiyaye sharaɗin nan fiye da yadda nake kiyaye lokacin aji. Ban wanke kai ba. A gefe ɗaya nake kwana. Da ƙaiƙayi ya taso sai in cije leɓe in ci gaba da rubutu a allo. Ranar da na koma na kwanta a gadonta ina jiran yabo, sai na ji ta ce:

"Kin buɗe."

"Ban buɗe ba."

"Duk wanda ke bencin can haka ya ce."

Layukan sama sun goce, gefen filastar ya ɗaga, fatar aro ta bushe daga sama ta zama kamar takarda. Na rantse, ta ce ba kotu ba ce. Ta sa sabuwa. Da mako ya zagayo, labarin bai canza ba. Sai ta ce tunda ni waliyyiya ce, in zo mata da wadda muke zaune tare.

Inna ta zo da shigarta ta fita unguwa, tana tsammanin godiya za a yi mata. Mai Biro ta zaunar da ita ta fara: wa ke shiga ɗakina in na yi barcin rana, me aka taɓa sa mini a ciwo ina ƙarama, toka ko man goge baki ko garin kafso. Har tafin hannun Inna sai da ta juya ta duba ƙarƙashin farce. Inna ta ce ita da har madubi ta cire daga ɗakina don kada zuciya ta raya mini leƙawa, yau ita ake wa binciken ɓarawo. Amma a cikin fushi ta saki maganar cewa Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta taɓa kawo wani ƙullin gari wai na ƙurji. Na ce a gaban Gwaggo na zubar da shi a kwandon shara. Mai Biro ta ce mai kawo ƙulli ɗaya ba ta rasa na biyu.

Daga ranar zargi ya bi mu gida. Inna ta daina barin Gwaggo ta wuce falo. Gwaggo ta ji dalili, ta ce ita da ta goya ni ba za a mayar da ita mayya ba, ta ɗauke ƙafa. Ni kuma na fara kulle ƙofa in zan kwanta, Inna ta ji ƙarar makulli, ta yini ba ta yi mini magana ba. A raina kuwa Mai Biro nake zargi. Na ce ko dai filastar da take sa mini ta tsufa, ko tana ba ni ragowar fatar aron da ta lalace a firij, tana ajiye masu kyau don wasu, sannan ta ɗora mini laifi. Ciwon ya fara wari. Likita ya duba, ya ga farin guringuntsi a fili, ya ce in muka sake haɗuwa haka zai sa mini ranar tiyata.

A karo na uku layuka suka sake gocewa. Ta cire safar hannu ta jefa a kwando, ta ce fatar aro ba ta da yawa, benci kuma dogo ne, ba za ta ci gaba da ba wadda ke ɓarewa ba alhali ga masu kiyayewa suna jira. Za ta mayar da ni kan auduga da bandeji kamar kowa. Na san abin da hakan ke nufi ga kunnena. Ban roƙe ta ba, ban iya roƙo ba. Na ce ta sa mini sau ɗaya tak, ni kuma zan zo in zauna a gaban ƙofarta daga buɗewa har tashi, kullum, har ranar buɗewa, ta sa mini ido da kanta. In layi ya goce a gabanta, to ta nemi wani mai laifin, ko ta duba kayan aikinta. Ta ce da dare fa? Na ce Inna za ta ɗaure mini hannu in tana so. Ta ce Inna ai tana cikin waɗanda ake tuhuma. Amma ta buɗe firij.

Na ɗauki hutu, na kwaso takardun jarrabawar ɗalibaina, na kafa zama a bencin da ke fuskantar ƙofarta. Hasken tagar baranda yana sukar idona, kunne yana zogi, masu wucewa suna tsayawa su ƙare mini kallo, wata har ta tambayi ko an kore ni daga gida ne. Na ci gaba da makin takardu. Mai Biro ta bar ƙofa rabi a buɗe. Duk sanda na ɗaga kai sai in ga idonta a kaina ta saman kafaɗar wani.

Ba a je ko'ina ba, wata rana da hantsi, ta fito da safar hannu a hannunta ta tsaya a kaina.

"Cire tabaran nan."

Na cire.

"Mayar."

Na mayar.

"Sake cirewa. A hankali."

Irinmu ba ma rabuwa da tabarau. Ina da na karatu, ina da mai duhu na fita rana, kuma in zan duba ƙaramin rubutu sai in cire in kawo takarda dab da hanci, in wani ya gaishe ni in mayar. A yini ban san sau nawa nake yi ba. Duk mayarwa, lanƙwasar hannun tabarau sai ta bi bayan kunne ta tura gefen filasta. Ban taɓa ji ba, domin tun bayan tiyata wurin a mace yake. Ita kuma ba ta taɓa gani ba, domin da na shiga ɗakinta abu na farko da take cewa shi ne in cire tabarau in kwanta, kuma sai na fita baranda nake mayarwa. Ta karɓi tabaran ta ɗaga shi wajen haske. A ƙarshen hannun hagu ga tawada shunayya, ga danƙon filasta.

Ta daɗe tana juya shi. Sannan ta ce, ba da ni take ba, "Na tuhumi uwarta, na tuhumi gwaggonta, na tuhumi firij. Ban tuhumi kaina ba, ni da nake sa ta cire shi."

Ta koma ciki da tabarau biyun. Da bakin almakashi ta kwance hannun hagu na kowanne, ta zura siririn bandeji a ramin, ta zagayo da shi ta saman kaina nesa da kunne, ta ɗaure a ƙeya. Ta canza fatar aro, ta ja layukanta, ta ce in tashi mata daga benci, masu ciwo na neman wurin zama.

Washegari ta sa na zo da Inna da Gwaggo tare. A gaban mutanen benci ta ce musu ta ci haƙƙinsu, su yafe mata. Gwaggo ta ce ta yafe, amma a san cewa garin nata ma yana da kyau. Ni kuwa har yau ba ta ba ni haƙuri ba. Ta ce tabarau nawa ne, hannun da ke sa shi nawa ne, saboda haka ni ce na buɗe. Ni ma har yau ina nan a kan cewa ban buɗe ba. Ba na jin ɗayanmu za ta sauka.

Na koma aji da tabarau ɗaure da bandeji. Ɗalibai suka sa mini sunaye, na ji su duka, na ce duk wanda ya gama dariya ya fito ya warware lissafin da ke allo. Da ranar buɗewa ta zo, likita ya sauko ɗakin da kansa. Ta duba layuka ɗaya bayan ɗaya kafin ta taɓa komai. Sun haɗu. Ta ɗaga filasta, sannan likita ya ce nama ya fara hawa, a ɗaga maganar tiyata. Na fara murna, ta ce tukuna, ita ba ta yarda da ciwo ba sai ya rufe, in ya rufe ma sai ya shekara. Ya rufe. Ya shekara.

Tun daga kaina tambayoyinta suka ƙaru. Yanzu kafin ta rufe ciwo sai ta ce wa mutum ya tashi ya yi shigarsa yadda yake fita, ya sa hularsa, ya rataya jakarsa, ya kara waya a kunnen da ya saba, ta gani. Sababbin ma'aikata suna cewa tana ɓata lokaci. Su tambaye ni.

Ke ce, Mai Biro, wadda aka zaga a bakin ƙofa ba ki buɗe ciwo kafin ranarsa ba. Ke ce kika ɗauki baƙin jinin da ya kamata a raba wa mutum goma, don ciwon wani ya warke. Ba ki taɓa ce mini sannu ba. Masu ce mini sannu suna da yawa, kuma da a hannunsu na faɗa, da sun yarda da rantsuwata tun ranar farko, sun yi ta canza mini filasta suna tausaya mini, har ranar da za a yanke kunnen. Ke kika ƙi yarda, kika bi kowa da tuhuma, kuma da ta biyo ta kanki ba ki kauce ba. Na gode.

Ga matasan da za su gaji ɗakin nan, da duk masu wankin ciwo a ko'ina suke: kayan zamani za su ci gaba da zuwa, waɗanda suka fi fatar aro kyau ma. Amma duk kyan abu, in ya fita daga ɗakinku gida zai je, inda akwai ƙaiƙayi da gwaggo da man birki da tabarau. Ku yi koyi da ita. Ku duba firij, ku shinshina filasta, ku yi tambayar da za ta ɓata wa mutum rai, kuma in kun gama tuhumar kowa ku tuna da kanku.

Makon jiya na je yi mata ban kwana. Na same ta tana koya wa wadda za ta gaje ta jan layi a bayan lemo. Na ce mata ina rubutu a kanta, za a buga mutane su karanta. Ta ɗago ta dube ni.

"Me kike nema?"

Na ce ba komai. Ta ce ba a yabon mutum haka kawai, za ta bincika. Sannan ta kama haɓata, ta juya kaina wajen taga, ta naɗe kunnen hagu da ɗan yatsa, ta daɗe tana duba tabon. Ta saki, ta ja na dama shi ma ta duba, ko da yake bai taɓa yin komai ba.

"Biyu ne," ta ce. "Ina malafarki? A cikin ranar nan kika taho haka?"

Na ce a mota na bar ta.

Ta ce in je in ɗauko ta gani.